Waya a aljihu ko kyamarar haya: da wacce za ka ɗauki yankin masana'antun Maraɗi?

Katangar da na ɗauka da waya a farkon hunturu, kafin ruwan farko ya sauka an rushe ta. Doguwar katanga ce ta wani tsohon sito a yankin masana'antu na Maraɗi. Rubutun Faransancin da ke jikinta ya koɗe, sai ka matso kake iya haɗa baƙaƙen, jajayen awaki kuma a inuwarta suke kwanciya da hantsi. Yanzu shaguna ne a jere a wurin masu ƙofar ƙarfe, wani ana sayar da kayan babur, wani ana cajin waya. Abin da ya rage na katangar shi ne minti biyu da ke ajiye a wurina. Hoton yana ɗan rawa, iska ta shiga sautin, amma ko nawa ka zuba yau ba mai sake ɗauko maka shi.

Da wannan nake fara amsa wa matasan da ke tambayata, ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ƴan fada masu sha'awar harkar, idan suka ce suna so su yi gajeren fim na gaskiya a kan wannan yanki da kuɗin aljihunsu. Hanya biyu ce a gabansu. Ko dai mutum ya ɗauki wayarsa da ɗan makirufo, shi kaɗai ko da abokin tafiya ɗaya, ya riƙa zuwa yana dawowa wata da watanni. Ko kuma ya tara kuɗi ya yi hayar babbar kyamara da mai ɗauka da mai kula da sauti, su zo su yi kwana huɗu ko biyar su gama. Na bi duka biyun, kuma kowacce akwai inda ta fi ƴar'uwarta.

Amma kafin maganar na'ura, a fara sanin abin da za a ɗauka. Garin nan ya taɓa tashi ɗungurungum: ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta kori mutane daga kwari suka hawo tudun da birnin yake a yau. Gujiya ce ta yi masa arziki. Matatsar man gujiya ta Siconiger ta fara aiki a shekarun 1940, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin gujiyar ƙasa baki ɗaya, ga gidan gurzar auduga, ga SONITAN mai jimar fatar jar akuyar da ta kai sunan Maraɗi har Turai. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cuta ta biyo baya ta cinye gonakin gujiya a 1975. Ƙasa ta koma dogaro da yuraniyam ɗin Arlit, alhazan gari kuma suka maida ƙarfinsu kan fataucin kayan da ke tsallakawa Najeriya. A idonmu ma an yi gyaran Maraɗi Kwalliya a 2015, Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya motsa, sai ka ga alamarsa a yankin nan: tireloli sun yi cirko-cirko ko sun ɓace, masu dako sun ƙaru ko sun watse, fili ya yi tsada, an yanka shi an zuba tubali.

To, irin wannan canjin ba ya faruwa cikin kwana biyar. Ido ba ya ganinsa sai an ajiye jiya kusa da yau. Nan ne hanyar waya ta fara cin riba, don ita kullum tana aljihunka, ranar da aka zo kwance wani tsohon inji kana iya isa wurin a kabu-kabu cikin minti goma. Ƴan haya kuwa baƙi ne, baƙo kuma raɓa ne. Abin da suka tarar shi za su ɗauka, su tafi. Fim ɗinsu zai nuna yadda wurin yake a wannan mako, sauran kuma sai a cike da baki: "da can kaza ne, yanzu kaza ne."

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina, shi ne yadda mutane ke sakewa da kai. Akwai wani dattijo da ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masana'antun, yanzu yana gadin wani fili. Ranar da na kai masa ƴan haya, mu biyar muka sauka daga mota da ƙafar kyamara da fitila da sandar makirufo. Kafin mu gama kafawa yara sun yi mana zobe. Dattijon ya ce mu dakata, ya shiga ɗaki, ya fito da babbar riga da hular da yake zuwa masallacin Juma'a da ita. Ya zauna a miƙe ya fuskanci kyamara, ya gode wa mahukunta, ya yi wa ƙasa addu'a, ya ce masana'anta abu ne mai amfani ga al'umma. Minti ashirin muka ɗauka, hoto tas, sauti tas, babu jimla ɗaya da ta shiga fim.

Bayan kusan wata uku ina leƙa shi da goro, wani lokaci ba na ma fiddo wayar, sai ran nan da la'asar muna zaune a tabarmarsa ya ce, "Ɗana, kunna abin naka." Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo wata baƙar leda da aka naɗe kamar laya. A ciki katinsa ne na aiki, gefensa ya cinye, da hotonsa yana saurayi da suma cike da kai. Ya buɗe tafin hannunsa na dama ya nuna mini tabon da bel ɗin inji ya bar masa. Ya ce, "In jiniya ta yi kuka da safe, ko mai koko ta san lokaci ya yi. Wanga wuri duk ƙamshin gujiya ne, har rigarka ka kai gida tana ƙamshi." Sai ya yi shiru yana kallon katin. Ban kashe ba, na bar wayar tana ɗauka. Wannan shirun shi ne tsakiyar fim ɗin. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Wayar da ake gani kullum ta daina zama abin yi wa ado.

Sannan ga mata. Man gujiya bai daina fita daga Maraɗi ba don manyan injuna sun yi sanyi. Yana nan a cikin gidaje, inda ake suya, a kai inji a niƙo, a murza tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso, a toya ƙuli-ƙuli. Rabin labarin yankin nan yana can, kuma ƙartai biyar da kaya iyakarsu zaure. Ƙanwarka ko abokiyar karatunka da waya a hannu za ta yi sallama ta shiga, ta gaida Inna, ta zauna a kujera ƴar tsugune. Ga ƴan mata masu son wannan aiki, wannan ƙofa taku ce, babu kyamarar da za ta buɗe wa namiji ita. Sai dai a kiyaye: waya ma tana da nata baƙin jinin. Mutane sun ga yadda ake ɗaukar bayin Allah a watsa a TikTok da WhatsApp ana dariya. Ka faɗi abin da kake yi dalla-dalla, ka nemi izinin mai gida inda ya kamata, ka naɗi amincewar mutum da muryarsa a farkon ɗauka, ka kuma juya wayar ka nuna masa abin da ka ɗauka. Wadda ta ce hannunta kawai za a nuna, to hannun kawai.

Kada wannan ya sa a ɗauka babbar kyamara ba ta da rana. Tana da ita sosai. Shiga cikin tsohon sito inda haske ke zubowa ta hudar kwano kawai, ƙura na yawo a cikinsa: waya za ta ba ka duhu mai ƙuraje, babbar kyamara za ta ba ka wurin kamar yadda idonka ya gan shi, don abin da ke karɓar haske a cikinta ya ninka na waya girma. Haka tartsatsin walda bayan magariba, haka hazon hunturu a kan jerin tireloli, haka fuskar mai dako da aka jawo daga nesa ba tare da an tsaya masa a gaba ba. Da rana tsaka, baƙin mutum cikin farar riga yana rikita waya, ko rigar ta ƙone ko fuskar ta nutse, hasken ya riƙa hawa da sauka da kansa. Ana rage wannan da manhajar da ke barin ka kulle haske da hannunka, irin Open Camera ko Blackmagic Camera, duka kyauta ne, amma ragewa ce kawai.

Kuma ba na'urar kaɗai kake haya ba, har da idon mai ita. Gogaggen mai ɗauka ya san ya tsaya cak daƙiƙa goma a kan abu ɗaya, ya san ya ɗauko hannu da ƙafa da kwanon shayi da za a rufe yanka da su lokacin haɗawa. Kwana biyu a bayansa makaranta ce. Akwai kuma gaskiyar da masu son waya ba sa faɗa: wanda ya biya kuɗin haya yana gama fim ɗinsa, don kuɗin na ci masa rai. Fina-finan waya da yawa a cikin waya suke mutuwa. Kullum ana cewa saura kaɗan, har wayar ta faɗa ruwa ko a sayar da ita. In ka san kai mai jan jiki ne, ka sa wa kanka ranar gamawa, ka faɗa wa mutanen da ka ɗauka, don kunyarsu ta riƙe ka.

Sauti shi ne inda ake faɗuwa, ko da wacce hanya aka bi. Yankin masana'antu ba ya shiru: injin niƙa, janareta, guduma a kan ƙarfe, kabu-kabu, tirela na ja da baya. Mai kallo yana yafe hoto mai rawa, amma in bai ji abin da tsoho ke faɗa ba zai wuce. Makirufon cikin waya, da mutum ya wuce tsawon hannu, hayaniya yake kwasowa. Don haka sayayyar farko ita ce ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, da gashin da ake sa masa saboda iska, da abin sawa a kunne don ka ji abin da ke shiga tun a wurin. In babu mai aiki ba igiya, ka haɗa mai igiya da tsohuwar waya ka sa a aljihun mai magana, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto daga baya. Duk inda ka gama hira, ka roƙi a yi shiru minti ɗaya ka naɗi kukan wurin shi kaɗai. In da za a ce in zaɓi mutum ɗaya cikin ƴan haya in biya, mai sauti zan zaɓa kafin mai kyamara.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. A Afrilu da Mayu zafi na haura 40, waya ta yi zafi ta tsaya a tsakiyar hira, musamman in an sa ta a 4K, wato hoto mai girma sosai, wanda kuma ke cinye wuri ninki-ninki. Ka tsaya a 1080, hoto 25 a daƙiƙa, don wutarmu mai bugu 50 ce, in ka bar shi a 30 za ka ga fitilun shago suna ƙyafta ido a hoton. Ka cire rigar wayar, ka yi aiki daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ita babbar kyamara zafi bai cika kayar da ita ba, ƙura ce abokiyar gabarta. A canza gilashi sau ɗaya a fili lokacin hunturu, ɗigo ya zauna a kowane hoto har a gama. Batun wuta kuwa, mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wadda take turo mana. Waya da batirin ajiya guda biyu, ko ɗan faifan hasken rana, sun wadatar. Ƴan haya suna da batura da kwamfuta da fitilu da dole a cika kowane dare, ka sa kuɗin man janareta a lissafi.

Abu ɗaya da ba ya da zaɓi: kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka wuri biyu. Na taɓa kai waya gyara, mai gyaran ya wanke ta tas ba tare da ya tambaye ni ba, hirar wata tsohuwa mai sayar da abinci a bakin wata masana'anta ta tafi. Kafin in koma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kuma kada a tura ɗanyen hoto ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi yake yi ya lalace, sai dai a tura shi a matsayin takarda.

Kuɗi: bambancin ba a yawansu kaɗai yake ba, har da yadda suke fita. Haya kullum take ci, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. In hadari ya taso, in dattijon da ka dogara da shi ya tafi jana'iza Tsibiri, ranar ta tafi da jikkunanka. Daga Yamai tafiyar ta haura kilomita 600, ga masauki ga abinci. Kano ta fi kusa kuma ƙwararru sun yi yawa a can, amma sai an tsallako da kaya ta Jibiya da Ɗan Isa, sai an yi lissafin naira da sefa, in kuma iyaka ta sami matsala shirinka ya tsaya. Hanyar waya kaɗan-kaɗan take ci: man babur, goro, shayi, kuɗin intanet, faifan ajiya. Babban abin da take ci lokacinka ne, wanda ke da shago ko aikin ofis ya auna wannan da kyau.

Takarda kuwa ta hau kan kowa. Izinin ɗaukar fim a hukumance yana hannun cibiyar fina-finai ta ƙasa, CNCN, a Yamai, sannan ka sanar da ofishin magajin gari, ka je ka gaida mai unguwa tun kafin ka fara. Babbar kyamara daga nesa ake hango ta a tambayi takarda, amma ƙanƙantar waya ba izini ba ce. A halin da ƙasa take ciki, kada ka nuna na'urarka wajen jami'an tsaro ko ma'ajiyar mai, kada ka tashi jirgi maras matuƙi ba da izini ba, kada ka shiga harabar kamfani sai mai shi ya yarda.

Haɗawa ba ta da wuyar zaɓi. Fim na minti goma zuwa sha biyar ana iya yanka shi a waya da CapCut ko KineMaster. Hoton babbar kyamara yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ko DaVinci Resolve da ake samu kyauta ba ya tafiya a kan ƴar tsohuwar kwamfuta. Ka tambayi ƴan haya tun farko wa zai haɗa, da nawa, kuma a hannun wa ɗanyen hoton zai zauna. Ya zama a hannunka.

Saura tambayar wa zai kalla. In burinka mutanen Maraɗi ne, a wayoyinsu da YouTube da majigin da za ka kafa da dare a unguwar da ka ɗauka, hoton waya ya isa har ya yi saura. In kana hangen gasar fina-finai ta FESPACO a Wagadugu, wadda ake yi tun 1969 kuma ɗan ƙasarmu Oumarou Ganda ya fara cin babbar kyautarta a 1972, babban allo yana tona asirin hoto, gaskiya ne. Amma abin da ya fi saurin fidda fim daga irin wannan gasa shi ne sauti maras kyau, da fassarar Faransanci ta ƙasan allo da aka yi da gaggawa, da waƙar wani da aka ɗora ba izini. Waɗannan uku kuwa ba ruwansu da irin kyamarar da ka riƙe.

Ga inda na tsaya. Ka ɗauki ƴan haya in abin da za ka ɗauka yana da rana tsayayya, kamar ranar rushe wani gini ko ranar fitar da tsohon inji, ko in ka riga ka shekara kana zama da mutanen har sun daina yi maka ado, ko in gidan talabijin ne ya ba ka aikin da ƙa'idarsa. In ba haka ba, fara da waya gobe. Kuɗin da ka tara ka sayi makirufo da faifan ajiya biyu, ragowar ka riƙe har sai fim ya nuna maka abin da ya rasa. A lokacin sai ka nemi mai babbar kyamara a nan cikin gari, cikin masu aiki da gidajen talabijin ko masu ɗaukar biki, ka yi hayarsa kwana biyu kacal, ɗaya da hunturu ɗaya da damina, ka miƙa masa jerin abin da kake so: cikin sito, tartsatsin walda, faɗin yankin da asuba.

Kafin nan, ka zaɓi wuri uku a yankin, ka yi wa inda ƙafarka ta tsaya alama, ka riƙa komawa farkon kowane wata a sa'a ɗaya ka ɗauki minti ɗaya ba motsi. Ɗaya daga cikin nawa yana gindin wani dogon yaro, yana kallon filin da dattijon nan ke gadi. Wata bakwai babu abin da ke cikin hoton sai ciyawa da awaki da tabarmarsa. A watan da ya wuce na tarar an sauke yashi tifa biyu, an kafa turaku an ja igiya, ya matsar da tabarmar zuwa bakin hanya.